Ɗura da Ƙwayar Magani: Amsa ga 'Yata

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso ni bayan la'asar, na karanta shi har sau biyu. Kin ce likita ya ɗora maigidana, wato ɗan naki, a kan ƙwayoyi biyu na kullum saboda sikilarsa, folik asid da Paludrine, shi kuwa da ya ji ƙarar ɓare takarda sai ya datse haƙora, in ma ta shiga bakin ya tauna ya tofar. Hajiyarku ta ce a kwantar da shi a toshe hanci a ɗura masa, haka aka yi wa kowa. Kina tambayata ko al'ada ce, ko kuma ki bi.

Al'ada ce, ba zan ɓoye miki ba. An yi mini, kuma da idona na ga an yi wa babanki. Uwa za ta miƙe ƙafa a tabarma, ta kwantar da yaro a cinya, ta danne ƙafafunsa da tata, ta kafa tafin hannu a gefen bakinsa kamar ludayi, ta tsiyaya kunu a ciki, ta toshe hancin da yatsa. In ya buɗe baki neman iska sai kunun ya wuce. Haka ake ba da dauri, haka ake ba da jiƙon sabara, haka ake yi da kunun kanwa lokacin yaye in yaro ya yi zuciya ya ƙi ci. Iyayenmu ba mugunta ta sa su ba, tsoro ne kada ɗa ya rame a hannunsu. Amma ki duba, duk abin da na lissafa ruwa ne. Ƙwaya ba ta cikin kayan kakanninmu, don haka babu wata al'adar da ta ce ga yadda ake ba da ita.

Ko a ruwan ma ni na bar ɗura tun ina amarya. A gidan da aka kai ni, wata maƙwabciyarmu tana ɗura wa 'yarta kunu da hantsi, yarinyar tana tsala ihu, sai muka ji ihun ya ɗauke ɗif. Ta ƙware. Ido ya kafe, leɓe ya yi duhu, kunu yana fitowa ta hanci. Aka kifa ta ana bubbuga baya har ta kawo numfashi, muka ce an tsira. Kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama. A asibiti aka ce kunun ne ya shiga huhu. Ta tashi da ikon Allah, amma sai da uwar ta yi mako biyu tana jinya. Hanya biyu ce a maƙogwaro, ta abinci da ta iska, kuma yaron da aka toshe wa hanci yana kuka ta iskar ce a buɗe. Balle mai sikila, wanda ciwon ƙirji na cikin abin da aka fi ji masa tsoro.

Yanzu ga abin da nake so ki lura da shi. Yaron nan shekararsa biyar, kuma ranar sunan ƙanwarsa ina kallonsa yana cin tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Tauna shi yake yi? Yankowa yake ya mulmula ya dangwala ya haɗiye, lomar kuwa ta ninka folik asid ɗin nan sau nawa. Ashe ya iya haɗiya tuntuni. Abin da ya rage ya gane cewa ƙwaya ƙanwar loma ce.

Ki fara ranar da yake lafiya garau, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki zaunar da shi a miƙe, kada a kwance, kada yana guje-guje. Ki mulmula tuwo ƙanana kamar ƙwayar dawa, biyar ko shida, ki jera a faranti. Ke ki fara yana kallo. Ya kurɓi ruwa tukuna maƙoshi ya jiƙe, ya ɗora ɗaya a tsakiyar harshe da hannunsa, ya bi da ruwa kurɓi biyu ko uku a jere. Kada ya ɗaga kai sama kamar kaza tana shan ruwa, mu manya ne muke wannan kuma ba ya taimakawa. In ta wuce ki ce ya buɗe baki ki leƙa, ki yaba masa sosai. Gobe ki ƙara girma kaɗan, jibi kamar ƙwayar wake. In wata ta gagara, ki koma wadda ya iya ku tashi a kanta, ya kwana da daɗin nasara. Minti biyar ya isa, kafin ya gundura. Wani yaron kwana uku ya kama, wani sai ya yi mako biyu.

Ranar ta gaske ki fara da folik asid, ita ce 'yar mitsitsiya. Paludrine tana da ɗaci in ta jiƙe, kada ta daɗe a harshe. In ruwa ya ƙi, ki gwada cokalin miyar yauƙi ko kunu mai kauri da ya huce, santsin zai tafi da ita. Kafin ya iya haɗiyar kuma ba za a dakatar da magani ba: ki tambayi mai ba da magani a asibitin wacce ake iya daka wa a haɗa da madara ko zuma. Ki tambaya fa, domin akwai masu rufi da ba a fasawa, akwai kuma kafso irin hydroxyurea da akan ba wasu masu sikila, wanda ba a buɗe shi da ka. Kafso shi yawo yake a saman ruwa, sai an ɗan sunkuyar da kai yake wucewa. Zumar kuwa kada ko ɗigo ya taɓa bakin jaririyar sai ta cika shekara.

Abu biyu na roƙe ki. Kada ki ce masa alewa ce. Ranar da ya samu kwalin shi kaɗai zai sha alewarsa. Kada kuma a riƙa ce masa in bai sha ba za a kira mai allura. Wannan yaron shi da asibiti zaman tare ne, kada a sa masa ƙin mutanen da za su riƙa karɓarsa da tsakar dare.

Ita kuma Hajiya kada ki yi musu da ita, ba tarbiyyarmu ba ce, kuma son jikanta ne ya sa ta magana. Ki same ta ita kaɗai ki ce likita ya hana toshe hanci saboda ƙirjinsa, sannan ki roƙe ta ta riƙa mulmula masa tuwon, tunda ya fi jin maganarta. Za ta karɓa. In kin ga da nauyi ki bari, ina nan tafe bayan Juma'a in Allah ya kai mu, ni zan yi mata maganar. Ki gaishe ta, ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yaran.

Goggonki.