Yaya, ga maganar masauki a Tibilisi

Salamu alaikum Yaya. Na saurari saƙon muryarka har sau uku, na ji ka ce za ka rako ɗiyarmu Jojiya ta fara karatun likitanci, kana tambaya wace unguwa ya kamata ka kama ɗaki a Tibilisi. Toh alhamdulillah, Allah ya sa ta fara a sa'a. Amma a ƙarshen saƙon ka ce ko mu ma yanzu otal muke kai baƙi tunda mun zama Turawa, na san cikin raha ka faɗa, amma wallahi maganar ta kwana a raina, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta maka a tsanake.

Bari in fara da abin da ka tambaya. Mutum irinka abu uku zai duba kafin ya biya kuɗin ɗaki a garin nan: ina zai yi salla, me zai ci, sannan ɗakin yana da ɗumi ko babu. Kyan hoton da suke sawa a intanet kar ya ruɗe ka.

Masallacin Juma'a da kowa ya sani a cikin gari yana tsohon gari ne, unguwar Abanotubani, ƙarƙashin ganuwar Narikala, ginin jan bulo a kan titin da ke hawa zuwa lambun itatuwa. A nan 'yan Sunna da 'yan Shi'a suke salla a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma ba yau aka fara ba, tun farkon shekarun 1950 da gwamnatin Sobiyat ta rushe masallacin 'yan Shi'a don a gina gadar Metekhi suka dawo nan. Na san in ka shiga ka ga wani ya ajiye turba, ɗan dunƙulen ƙasar da 'yan Shi'a ke sujada a kai, a gabansa gabanka zai faɗi, ni ma haka na ji ranar farko, amma shekara goma sha ɗaya ina zuwa ban taɓa ganin an ɗaga murya a kan haka ba. In ka sauka a unguwar da ƙafa za ka je salla, sai dai hawa ne sosai kuma duwatsu aka shimfiɗa a hanyar, da wannan gwiwar taka ka yi tunani. Ga warin ruwan zafin da ke fitowa daga ƙasa, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, shi ake wanka da shi a gidajen wankan unguwar, kwana biyu za ka saba. Abin da ba za ka saba ba shi ne kiɗa, don wajen titin Shardeni mashaya ce jere da gidajen shisha har tsakar dare.

Ni in za ka bi tawa, ka nemi wajen Marjanishvili, a kan titin Aghmashenebeli. Nan Turkawa da Larabawa suka buɗe gidajen abinci da mahauta na halal, za ka fito ka ci shinkafa da nama hankalinka kwance ba sai ka tsaya tambaya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda khinkali, ƙullin fulawa mai nama a ciki da kowa zai ce maka sai ka ɗanɗana, yawanci naman shanu ne haɗe da na alade, gasasshen naman da suke kira mtsvadi ma galibi alade ne, har burodin wake wani lokaci da kitsen alade ake yinsa. Ka riƙe kalma ɗaya, ghori, shi ne alade. Kuma tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana nan bakin titin, lari ɗaya, wato kuɗin ƙasar, ka shiga.

Makarantar yarinya in a Saburtalo take, kamar yadda yawancin yaranmu masu likitanci suke can, akwai layin jirgi na biyu da ke tashi daga Station Square har tashar jami'ar likitanci. Wajen ya dace da ɗaki na shekara, can za mu nema mata. Vake unguwar masu kuɗi ce kuma jirgi bai zuwa can, ka bar ta. Gldani da Varketili akwai araha amma a hanya za ka ƙarar da ranarka. Gaban majalisa a titin Rustaveli kuma an sha yin zanga-zanga tun 2024, baƙo ba ruwansa da wurin da daddare.

Maganar ɗumi kuwa, Oktoba da dare sanyi ya fara, ka tambaya ko akwai hita, in ta gas ce kar ka kwana taga a toshe gaba ɗaya. Ka tambayi hawa na nawa ne, don tsofaffin benayen zamanin Sobiyat wasu sai ka jefa tsaba lif ɗin zai tashi. Ka sa buta a jakarka. Karnuka kuma suna nan kwance a bakin titi ko'ina da alama a kunne, ba sa kula mutum, amma gara ka sani tun daga gida.

Akwai kuma gidajen da iyali ke karɓar baƙi a cikin gidansu, suna da araha, mutanen kuma suna da karamci na gaske, su ma suna cewa baƙo daga Allah yake. Sai dai karamcinsu da giyar inabi yake farawa. Ɗakin da na fara haya na wata tsohuwa ne a wani gida mai baranda ta katako da igiyoyin shanya a tsakar gida, daren farko ta hawo da tulun giyar da ɗanta ya haɗa a ƙauye ta ajiye min, na dafa ƙirji na ce mata ni musulmi ne, ta tsaya tana kallona, ta ɗauki abinta ta sauka ba ta ce komai ba, na kwana ina tunanin gobe za ta ce in kwashe kayana. Da safe sai ga ta da kwalbar ruwan 'ya'yan itace da ta dafa, da sabon kasko har da takardar kanti a jikinsa, ta nuna min da hannu wannan nawa ne ni kaɗai, ba a taɓa soya komai a ciki ba. Shekara uku na yi a gidanta. Ba kuma zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba, an taɓa kashe min waya ana jin daga Afirka nake, fiye da sau ɗaya, shi ya sa ɗakin yarinya ni da matata za mu je mu yi magana da harshensu.

Toh tunda na ambaci matata, bari mu yi maganar da ake yi a bayan idona. Har yau akwai waɗanda a dangi suke tambaya wai ta musulunta kuwa. Yaya, da me za ta musulunta? 'Yar Ajara ce, daga duwatsun wajen Khulo, yankin da Daular Usmaniyya ta riƙe har 1878, kakanninta musulmi ne, kakarta ta ba ni labarin yadda suke rufe ƙofa da taga su yi salla a ɓoye lokacin kwaminisanci. A ƙidayar 2014 musulmi sun haura kashi 10 cikin ɗari a ƙasar nan. Na je neman aurenta da manya, abokaina biyu da wani dattijo ɗan Sakkwato da ya fi mu daɗewa a nan, aka yanka sadaki, liman ya ɗaura, abin da babu kawai goro ne da alawa. Amma mutum na zaune a Fagge ya yanke hukunci wai an kwashe yaro an kai shi coci.

Abin da ya fi min ciwo shi ne zuwanmu gida na ƙarshe, da babban yarona ya rugo yana kirana mama aka fashe da dariya a tsakar gida, wata ta ce ka ji ko uban ma bai sani ba. A harshensu mama shi ne uba, uwa kuma deda, yaron daidai ya faɗa, kuma ya ji dariyar, ya je ya ɓuya a bayan uwarsa bai ƙara magana ba sai dare. Yanzu Abba yake ce min. Yana jin Hausa sarai, in ya gaji ne yake mayar min da amsa da Jojiyanci, ya haddace daga Nasi zuwa Sabbi, ya san ya durƙusa ya gaida babba. Ku da kuke can unguwa ce take koya wa ɗa waɗannan ba ku ma sani ba, mu nan kowace kalma sai mun zauna mun sa masa a baki, ba kiran salla a lasifika da zai tashe shi da asuba sai agogon waya da ni.

Mu ba mu da yawa, kuma yawanci ɗalibai ne masu zuwa su tafi, waɗanda muka zauna ba mu wuce a ƙirga ba, amma ba a taɓa saukar da ɗan Arewa a filin jirgi an rasa mai ɗauko shi ba in dai an sanar. Babbar Salla muna haɗa kuɗi mu tafi Marneuli wajen 'yan Azarbaijan, ƙasa da awa ɗaya a mota, mu sayo rago a yanka a soya. Tuwo kuwa da kake tsokanata da shi, su ma mutanen yammacin ƙasar suna tuƙa garin masara suna ce masa ghomi, matata ta ƙara masa ƙarfi kawai ya zama namu, nononsu matsoni kuma kindirmo ne sak. Kuka da daddawa ne kaɗai ke gagararmu.

Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa tako ƙafa daga gidanmu ya zo ya ga inda nake kwana, kai ne na farko, sannan kana tambayata otal. Duk bayanin unguwannin nan na yi ne don ka san garin da za ka bar 'yarka a ciki, amma ɗakin yara za mu gyara maka, ita kuma ta kwana da matata har a samu nata. Ka tabbatar bizarku da takardar makaranta da tikitin komawarka suna hannu don a filin jirgi suna tambaya sosai, ka turo min ranar da za ku taso ta Istanbul, ka tuna muna gaba da ku da awa uku. Ka taho min da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yajin Hajiya, kuma dan Allah ka ce mata ta yi wa yaran magana a waya in ka iso, ta kira babban da sunansa.