Amsa ga 'yar uwa mai son cire sunan tsohon mijinta daga gida a Ingila

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa rabuwar ita ce mafi alheri. Kin ce kun sayi gida tare a Birmingham da bashin banki, aure ya ƙare, shi ya yarda ya bar miki ke da yara, ya za ki cire sunansa. Toh nima na bi ta nan, kuma gaskiya yardarsa kaɗai ba ta isa ba, banki ne mai faɗa a ji.

Abu biyu ne a hannunki, sunansa a takardar gida da ke Land Registry, wato ofishin rajistar filaye da gidaje, da kuma sunansa a kan bashi. Na farkon ba wuya, lauya zai cike fom TR1 ku sa hannu, amma banki na riƙe da gidan jingina, ba a taɓa komai sai ya amince, shi kuma ba ruwansa da wa ya saki wa, tambayarsa ɗaya ce, albashinki ke kaɗai zai iya ɗauka? Yawanci ninki huɗu zuwa huɗu da rabi na albashin shekara suke bayarwa. Misali gidan ya kai fam 240,000, sauran bashi 160,000, kinga abinda kuka mallaka 80,000 ne, in za ki biya shi rabinsa sai ki ranci 200,000, wato albashinki ya kai wajen 45,000. Ni lokacin da na kai takardun albashi da sitatimen na wata uku wlh har kuɗin mai kula da yara da ɗan abinda nake turawa gida sai da ma'aikaciyar bankin ta ja musu layi da biro tana tambaya. Bankina ya ƙi, dillalin bashin gida ne ya samo min wani, sai dai ki duba ko kina cikin wa'adin da aka tsayar miki da kuɗin wata, don fita kafin ya cika akwai tara kuma ba kaɗan ba.

Sai abinda mutanenmu da yawa ba sa so a taɓo. Aurenku an yi rajistarsa ko ɗaurin masallaci ne kawai a nan? In a Najeriya aka ɗaura bisa ƙa'ida galibi dokar Ingila ta san da shi, amma in a falon wani aka ɗaura a nan ba rajista, a wajen kotu ku ba ma'aurata bane, kuma hakan na shafar har harajin sitam, wato harajin da ake biya kan cinikin gida, masu saki ta kotu an yafe musu, sauran kuwa in kuɗin da kika ba shi haɗe da rabonsa na bashin da kika ɗauka ya wuce 125,000 za ki iya biya. In akwai rajista dan Allah kar ki tsaya a "ai mun yi magana gaban manya", a rubuta yarjejeniyar alƙali ya sa hannu, in ba haka ba ko bayan shekaru yana iya dawowa da da'awa.

Ki kuma tambayi lauya wane irin mallaka kuka yi, don akwai wanda in ɗayanku ya rasu, Allah ya kiyaye, gidan gaba ɗaya na wanda ya rage ne, ba rabon gado ba wasiyya. Ana raba irin wannan mallakar, kowa da kasonsa, da fom SEV, kyauta ne, ni shi na fara yi tun kafin maganar banki.

Kafin a gama kar ki bari wata ko ɗaya ya wuce ba a biya ba ko da shi ya janye hannu, kowannenku ana binsa bashin duka ne ba rabi ba, kuma tabon na zama shekara 6 a rikodinki na bashi. In an gama ki rubuta wa kamfanonin da ke ajiye rikodin bashi, Experian da Equifax da TransUnion, su raba sunanki da nasa. In kuma albashin bai kai ba, kotu na iya ɗage sayar da gidan har autanku ya kai 18, ki yi wa lauyanki maganar tun a zaman farko.