Tambaya da Amsa: Na haɗa tankar Matilda, amma da na ɗora ta a kan yashi sai ta koma abin wasan yara

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Wani yayana ne ya zo mini da tsarabar tankar yaƙi ta roba irin wadda ake haɗawa, Matilda ta kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1/35. Na yi kusan wata biyu ina haɗa ta, na yi mata fenti yadda takardar cikin kwalin ta nuna. Sai na yi sha'awar in yi mata diyorama ta hamada, wato ɗan ƙaramin filin da ake ƙerawa a kan katako ya yi kama da na gaske, irin waɗanda nake gani a intanet. Na samo guntun filawud, na shafe shi da gam ɗin kafinta, na zuba yashin gini, na yi tudu biyu, na ɗora ta a tsakiya. Wallahi da na ja da baya na duba, sai ka ce yaro ne ya manta motarsa a kan tulin yashin magina. A ina na kuskure, kuma ko akwai gyara?

AMSA

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Wanda ya iya zama wata biyu yana liƙa ƙananan gutsattsarin Matilda ya riga ya ci ƙarfin aikin, kuma gyara akwai shi. Laifin ba na tankarka ba ne, na ƙasar da ka shimfiɗa mata ne. Ita an rage girmanta sau 35, shi kuwa yashin ka kawo shi da girmansa na duniya, ido kuma yana gane wannan saɓanin tun kafin mutum ya san abin da ke damunsa.

Mu yi lissafin tare. Matilda ta gaske tsawonta mita 5.6 ne, shi ya sa taka ta tsaya a wajen santimita 16. Sojan da ya kai santimita 175 a tsaye, a wannan ma'aunin santimita 5 ne kacal. To haka ƙwayar yashi: wadda ta kai milimita 1 a hannunka, a gefen tankar nan dutse ne mai santimita 3.5, kamar ƙwayar goro. Mai milimita 2 ta zama dunƙulen hannu. Yashin gini cike yake da irin waɗannan, ke nan abin da ka shimfiɗa ba rairayi ba ne, filin duwatsu ne masu girma ɗaya, waɗanda kuma suke ƙyalli idan haske ya same su. Duk abin da za ka ɗora a kan katakon nan daga yau, ko ciyawa ce ko igiya ko tsumma, ka ninka shi sau 35 a ranka tukuna, ka tambayi kanka ko akwai irinsa a duniya.

Sai maganar tudun nan biyu. Mu da muka san hamada ta hotunan Tenere da ayarin raƙuman Bilma, da an ce Sahara jigawa ce ke zo mana a rai. Amma inda Matilda ta yi suna ba haka yake ba. Ta yi faɗanta ne a zirin ƙasar da ke bin gaɓar tekun Bahar Rum, tsakanin yammacin Masar da gabashin Libiya: sansanin sojojin Italiya na Nibeiwa, kusa da Sidi Barrani, da aka auka wa da safiyar 9 ga Disamban 1940, sai Bardiya da Tobruk a Janairun 1941. Sulken gabanta ya kai kaurin milimita 78, bindigogin Italiyawa suka kasa huda shi, har sojojin Birtaniya suka yi mata kirari da sarauniyar hamada. Yawancin ƙasar wurin fako ce: shimfiɗaɗɗen dutse mai fari-fari, tsakuwa a warwatse, turɓaya a sama, da 'yan ƙananan ƙayoyi nan da can. Direbobin tanka gudun rairayi mai zurfi suke yi, domin abin da ya haura tan 25, wanda ko a kan titi da ƙyar yake kai kilomita 25 a awa, idan ya kafe a jigawa ya zama abin harbi. Saboda haka ka rushe tudun. Ka je bayan gari ka tsaya a kan fako, ka dubi yadda tsakuwa take taruwa a kwari, iska kuma ta share wajen da ya ɗan tasa. Wannan za ka kwaikwaya.

Ka fara da ciro tankar. Gam ɗin kafinta yana sakin jiki da ruwan ɗumi, sai ka riƙa ɗiga shi a gindin sarƙar da tankar ke tafiya a kai da sirinji, ka jira, ka ɗaga a hankali, kada ka fizga. Katakon kuma kada ya yi faɗi da yawa, santimita 25 a 20 ya wadatar da tanka ɗaya. Fili idan ya yi yawa sai ka ga mutum yana ta cusa tarkace don ya cike shi. Ka shafe filawud ɗin da banish gaba da baya har da gefuna kafin wani abu mai ruwa ya taɓa shi. Na farkon da na yi ban shafa ba, washegari na tarar katakon ya lanƙwashe kamar ɓawon kankana, ƙasar da na ɓata yini ina gyarawa ta tsattsage gida uku. In kana son gefe ɗaya ya ɗan tasa, yanko farin soson nan da ake kunshe talabijin ko firiji da shi, ka liƙa da gam ɗin kafinta. Kada sufa gulu ko fentin gwangwani na fesawa su kusance shi, narkar da shi suke yi nan take.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi ba hankalinka, domin shi ne ke raba diyorama da abin wasa. Tanka nauyi gare ta, kuma dole a ga nauyin. Taka ta roba ba ta kai nauyin wayar hannu ba, in ka ɗora ta a kan busasshiyar ƙasa za ta tsaya ne a kan ƙwayoyi uku ko huɗu, haske yana wucewa ta ƙarƙashin sarƙarta. Wannan 'yar tazarar ita ce ta fi komai tona asiri. Ka kwaɓa garin POP, wanda masu silin suke aiki da shi, da ruwan sanyi da ɗan gam da ɗigon fenti mai ruwan ƙasa, don ko ya ɓantare nan gaba kada fari ya leƙo. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, saboda a zafin garinmu kafin ka juya ya daskare. Shimfiɗa shi da kaurin milimita 3 zuwa 5. Idan ya fara kamawa, ya yi taurin tuwon da ya huce, sai ka rufa masa siririyar leda, ka ɗora tankar a kai ka danna da tafin hannu har sarƙar ta nutse kamar milimita 1. Ɗaga ta, matsar da ita baya daidai tsawon sarƙar, ka sake dannawa, haka har sawun ya fita ta bakin katakon. Tanka ba daga sama ta faɗo ba, ta wani wuri ta biyo, mai kallo yana so ya ga hanyar. A gefen sawun ka ɗan tura kwaɓin da tsinken sakace ya yi 'yar kunya, yadda ƙasa ke tasowa idan abu mai nauyi ya taka ta. Kuma kada ka daidaita ta da gefen katakon kamar an faka mota a gareji. Karkata ta, hancinta ya nufi kusurwa, ka bar fili a gabanta fiye da bayanta.

Ƙasar da za ka barbaɗa kuwa kyauta ce. Ɗebo turɓaya daga gefen hanya, ka shanya ta ta bushe ƙamas, ka tankaɗe da rariya, abin da ya wuce ka sake tace shi da matacin shayi. Garin da ya fita daga matacin shi ne rairayinka. Wanda ya tsaya a matacin shi ne tsakuwa, na cikin rariya kuma ka zaɓi guda biyar ko shida masu kaifin baki su zama duwatsu, ka nutsa su rabi a cikin kwaɓin tun yana ɗanye. Kada ka watsa tsakuwar ko'ina daidai wa daida. Tara ta a wani wuri, ka bar wani wuri fayau. In ka gama, ka fara jiƙa ƙasar da sufirit na kemis, sannan ka ɗiga gam da aka tsinka da ruwa, kashi ɗaya gam kashi uku ruwa. In ba ka sa sufirit ba, ruwan gam zai dunƙule ya yi ta gangara yana kwashe garin. Bayan kwana guda ka bi ta da fenti mai ruwa-ruwa, duhu a kwari da gindin duwatsu, haske a sama. Cikin fentin Tamiya, masu lamba XF-57 da XF-52 sun isa wannan aikin.

Tankar da ƙasar kuma dole su zama 'yan gida ɗaya. Kai ka ɗora sabuwa fil a kan yashi, alhali wadda ta yi tafiyar yini ɗaya a can ba a gane launin ƙafafunta. Ba sai na tura ka neman hotuna ba: ka tsaya a tasha da hunturu ka ƙare wa motar da ta fito daga ƙauye kallo. Ƙurar ta fi kauri a ƙasa da baya, tana raguwa in ana hawa sama. Ta kwanta a kowane lungu da kewayen kowane noti, amma inda hannu ke kamawa da inda ƙafa ke takawa a goge suke. Haka za ka yi. Shafa mata banish marar ƙyalli tukuna, don ƙyalli ne ke fallasa roba. Sannan ka ɗauki garin nan da ka tace, ka niƙa shi da bayan cokali, ka riƙa ɗora shi da busasshen buroshi, ka kafe shi da ɗigon tina irin ta fentin da ba za ta ci naka ba, bayan ka gwada a ƙarƙashin tankar. Matilda tana da wata baiwa a nan: faffaɗan sulken da ya rufe ƙafafunta yana da 'yan tagogi da aka yanka don ƙasar da sarƙa ta kwaso ta riƙa zubowa. Ka tara gari a bakin kowace taga, ka ja shi ƙasa da buroshi ya yi zirin zuba. Haƙoran sarƙar da ke cin ƙasa kuma ka goga musu bakin fensir su yi ƙyallin ƙarfe. Tsatsa kaɗan ƙwarai. Na sha ganin masu farawa suna mayar da tanka kamar wadda ta shekara goma a bola, alhali waɗannan ba su daɗe da fitowa daga masana'anta ba, kuma a busasshen wuri suke.

Saura abin da ke faruwa a wurin. Ka zaɓi abu ɗaya tak. Ni da nawa ne, zan nuna mutanen tankar su huɗu sun tsaya shan shayi. Sojojin Birtaniya a hamadar nan sukan yanke gwangwanin mai gida biyu, su cika rabi da yashi, su zuba fetur su kunna, su ɗora ɗaya rabin su dafa ruwa. Gwangwanin kuwa ka san shi, garwa ce, mai kusurwa huɗu mai cin galan 4, irin wadda 'yan garuwa suke ɗaukar ruwa da ita. A ma'auninka tsayinta wajen santimita 1 ne, kana iya yanka ta daga gwangwanin lemo. Ka kiyayi abu ɗaya: kada ka jera jarkoki idan Disamban 1940 kake nunawa. Jarka mai lita 20 ƙirar Jamus ce, Jamusawa kuma ba su sauka Libiya ba sai Fabrairun 1941 tare da kwamandansu Rommel. Bayan haka ne sojojin Birtaniya suka riƙa kwasar ta a matsayin ganima, don garwarsu yoyo take yi.

Na san akwai 'yan'uwa da ba sa son ajiye mutum-mutumi a gida, kuma wannan ba ya hana aikin kyau. Bar murfin saman tankar a buɗe, ka ajiye murhun garwa da baƙin hayaƙi a gefensa, kofuna biyu a kan sulke, sawun takalmi daga tankar zuwa murhun. Duk wanda ya duba zai san akwai mutane a wurin. Tamfol ɗin da suke naɗewa a gefen tanka ana yin sa da tishu da aka jiƙa da ruwan gam, a naɗe, a ɗaure da zaren ɗinki. Ƙaya kuma, tono saiwar ciyawa ka wanke ka busar, ka dasa ta a kife, rassanta sun fi kowane reshe kama da ƙaramar bishiya. Busasshiyar ciyawa daga zaren igiyar rama take fitowa, a yanka kada ta wuce santimita 1, a dasa tsumagiya-tsumagiya a gindin dutse, guda uku ko huɗu sun isa.

In ka gama, kai wa masu aikin gilashi awon katakon su yanka maka murfi mai tsayin santimita 15. Ƙurar da ka sa da hannunka a kafe take, amma ta ɗaki ba a iya goge ta daga kan irin wannan aiki ba tare da an kwashe ciyawar da garin ba. Kuma ka nisanta shi da taga, rana tana lanƙwasa bakin bindigar roba, tana kuma kashe launin fenti. Idan ka kai matakin danna tankar a kwaɓi, ka fara gwadawa a kan wani guntun katako, ka ga minti nawa POP ɗinka yake ɗauka kafin ya kama.