Tambaya da Amsa: Jaririyata idon mage gare ta

Tambaya: Salam Anti, don Allah wata biyu kenan da na haihu, yarinyar idonta ruwan zuma kamar na mage, alhali ni da babanta duk baƙin ido gare mu. Uwar mijina ta ce wai kallon kyanwa na cika yi da ciki. Gaskiya ne?
Wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana. Kyanwa kam ba ruwanta, gado ne, sai ki lallaɓa ki faɗa wa Hajiya. Launin ido daga sinadarin melanin yake, wannan dai mai ba fata launi, in ya yi yawa ido ya yi duhu, in kaɗan ne sai ya fito ruwan zuma ko kore ko shuɗi. Jariri na ɗaukar kromosom (wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jiki) 23 wajen uwa, 23 wajen uba, a kan na 15 akwai ƙwayoyin gado biyu OCA2 da HERC2 su suka fi ƙarfi a maganar amma ba su kaɗai ba ne, shi ya sa abin kan tsallake iyaye ya faɗo kan jika. Ki duba dangi, ƙila akwai wata kaka mai irinsa.

Kuma wata biyu ai da saura, ido kan ƙara duhu a shekarar farko.

Amma fa in shuɗi ne sosai, ga farin gashi a goshi, ko ba ta firgita in an buga ƙofa, ki kai ta asibiti a gwada jinta, akwai larurar Waardenburg mai zuwa da kurumta. In kuma fari kika hango tsakiyar ƙwayar idon, wannan kar ki kwana ba ki ga likitan ido ba.