Kuɗin Azurfar da Kaka Ta Bari: Wa Zai Faɗa Mana Farashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Kakarmu ta rasu a Daura, bayan sadakar arba'in aka buɗe adudunta, sai ga ƙunshin tsumma cike da tsofaffin kuɗi. Bakwai manya ne, da kan mace a gaba, tsuntsu mai kai biyu a baya, an rubuta 1780. Uku daga ciki an liƙa musu kunne, da alama ta taɓa ratayawa. Sauran suloli ne da daloli masu bishiyar kwakwa. Wani maƙerin azurfa ya taya, amma ƙanena ya ga irin mai 1780 ɗin a intanet an sa masa kuɗin da zai sayi babur. Yanzu iyayenmu sun tsayar da rabon gado sai na gano gaskiya. Ina zan samu farashin da za a yarda da shi?
Ɗanka daga unguwar Kusugu, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa Aljanna ce makoma.

Ka fara sauko da ƙanenka daga kan babur. Manyan nan riyal ɗin Mariya Tereza ne, sarauniyar Ostiriya, kuma 1780 shekarar rasuwarta ce, ba lallai shekarar da aka buga naku ba. Fatake daga ƙasar Larabawa zuwa Habasha zuwa nan sun saba da shi, ba sa karɓar wanda aka canza wa kama, shi ya sa aka daskarar da shekarar. An buga shi a Landan, da Faris, da Rum, da Bombai, har yau ana bugawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, duk da 1780 a jiki. Na taɓa ganin dattijo ya yi fushi da na faɗa masa haka, sai ka ce na zagi kakansa.

Farashi iri biyu ne. Akwai kuɗin azurfar da ke jikin tsabar, wannan kai ma za ka iya lissafawa. Riyal ɗaya nauyinsa giram 28 ne, zallar azurfa a ciki giram 23.4. Kasuwar duniya da oza take awo, oza ɗaya giram 31.1, ke nan riyal ɗinka kashi uku ne cikin huɗu na oza. Buɗe shafin Kitco a intanet ka ga farashin ozar azurfa a ranar, ka juya shi zuwa naira da canjin ranar, ka ɗauki uku bisa huɗu. Maƙeri zai saya ƙasa da haka, domin shi ma yana da iyali kuma narkarwa na cin wani abu, amma in tayinsa bai kai rabi ba, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Sulolin nan su suka fi jan hankalina. Na Afirka ta Yamma ne, an fara buga su a zamanin Sarkin Ingila Joji na Biyar. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. Azurfar sule shida ta kai oza ɗaya, dala uku ma haka, tunda dala sule biyu ce. A 1920 aka rage azurfar, sannan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Don haka ku baje su a faranti ku ware su da shekara, kada a auna su a haɗe, a nan ne ake cutar mutane ko su cuci kansu. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma tagulla ma ba ya kama ta, saboda haka gwajin nan shi kaɗai bai isa ba. Ku haɗa da sikelin masu gwal: sulen azurfa bai wuce giram 5.6 da ɗan ɗori ba.

Farashi na biyu shi ne na masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, kuma a nan ƙanenka ya zame. Abin da ya gani tayin mai kaya ne. Ko a kasuwar Mai'aduwa mutum na iya cewa ragonsa miliyan ne, ba mai hana shi, sai an ce "na sallama" ake sanin kuɗin rago. A kasuwar intanet ta eBay akwai wurin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar, can za ka duba, ka ɗauki ciniki biyar ko shida na tsaba mai shekara ɗaya da taku, mai gogewa irin taku, ka kama na tsakiya. Shafin Numista na masu tara tsofaffin kuɗi zai nuna maka nauyi, da yawan da aka buga kowace shekara. Ka tuna kuma mai sayen yana Turai ko Amurka, kuɗin aike da ladan shafi duk a wuyanka suke, sau da yawa ribar a hanya take ƙarewa.

Don Allah kada ku wanke su. Ni nan a Katsina, ina sabon malamin makaranta, na dirje dalolin mahaifina da toka da lemun tsami har suna ɗaukar ido. Mai sayen da na kai wa ya juya ɗaya, ya ce na kankare rabin kuɗinta da hannuna. Baƙin nan da kuke gani datti, shi masu tarawa ke so.

Ukun nan masu kunne sun fita daga sahun masu tarawa, sai dai awo. Ni da za a ji ta tawa, a yi musu kuɗi da lissafin nauyi a gaban malamin da ke rabon, gwaggonninka mai so ta ɗauka a cikin kasonta. In kuwa sayarwa za ku yi, cinikin azurfa hannu da hannu ne, ba a barin ciko sai ran kasuwa.

Ka aiko mini da shekarun sulolin ɗaya bayan ɗaya, ka kuma duba ko akwai ɗan ƙaramin harafin H a jikin wasu, alamar maƙerar Heaton ce ta Bamingham. Da wannan za mu san ko akwai wanda ya cancanci a ware shi gefe.