Birkin Golf 3 da ke laushi a filin tsere

Malam, ka ce birkin Golf 3 ɗinka yana laushi bayan zagaye huɗu. Man birkin ne ke tafasa. Tsohon mai yana shan danshi, sai ya tafasa da wuri, balle a zafin Birnin Kebbi da kan haura digiri 40 a Afrilu.

Juye shi kaf, ka zuba sabon man birki nau'in DOT 4, wanda ke jure digiri 230 kafin ya tafasa, ko DOT 5.1 mai jure 260. Lita ɗaya ta wadatar. Kul ka sa DOT 5, ba ya gauraya da su.

Wajen fitar da iska daga layin man birkin, kanikenka ya fara da tayar baya ta dama, ya ƙare da ta gaba ta hagu. In ka tsaya birkin na da zafi, kar ka ja birkin hannu, sa giya kawai.