Yadda Muke Raba Yaro da Madarar Gwangwani a Ingila: Amsa ga Yayata a Sakkwato

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigida da yara kuna cikin ƙoshin lafiya.

Kin tambaye ni yadda mu Hausawan da muka daɗe a Manchester muke raba yaro da madarar gwangwani, domin jikanki ya doshi shekara ɗaya, kuɗin gwangwani ya fara gagarar iyayensa, ga mai kanti yana cewa sai an koma mai lamba uku, wato ta yaran da suka shekara, idan ana son yaro ya yi ƙwari. Kin kuma ce kin ji labarin a nan ba a ba yaro madarar shanu sai ya shekara, alhali kin tashi kin ga 'ya'yan Fulani suna shanta tun suna rarrafe. Zan faɗa miki abin da muke yi da dalilinsa, domin wasu dalilan sun shafe ku, wasu kuwa na zaman nan ne kaɗai.

Da farko, kada yawan gwangwani a gidajenmu ya sa ki ɗauka ci gaba ne. Doka ta ba mai jego hutun aiki har mako 52, amma mako 39 ne kawai ake biya, shi ma mafi yawansa kuɗi ne kaɗan, don haka mata da yawa suke komawa aiki da wuri, kuma babu kaka ko ƙanwa a gida da za ta riƙe yaro ta miƙo shi idan ya yi kuka. Binciken shayarwa da aka yi a ƙasar nan a 2010 ya nuna kusan jariri ɗaya ne cikin ɗari yake kai wata shida a kan nonon uwa zalla. Abin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata na shekara biyu cikakku, shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya take kira a kai, kuma duk wadda take da halin cika shi a cikinmu tana cikawa. Jikanki dai jinyar uwarsa ce ta kai shi ga gwangwani, kuma babu laifin kowa a ciki.

Maganar shekara ɗaya gaskiya ce. Hukumar lafiya ta ƙasar nan, NHS, tana cewa kada madarar shanu ta zama abin shan yaro na yau da kullum sai ya cika wata goma sha biyu, ko da yake tun daga wata shida an yarda a dafa masa abinci da ita, a kuma ba shi yogot marar sukari. Babban dalilin shi ne sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar da ke kai shi wajen wata shida, daga nan sai ya nema a abinci. Masu haɗa madarar jarirai suna zuba shi a ciki, ita kuwa madarar shanu ba ta da shi sai ɗan kaɗan, ga gishirinta da furotin ɗinta sun yi wa ƙodar jariri nauyi. 'Ya'yan Fulanin da kika ambata, akasarinsu suna kan nonon uwa a lokacin, madarar shanun ƙari ce. Kuma don kada in tsorata ki, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da ba ya samun nonon uwa, daga wata shida zuwa sha ɗaya, ana iya ba shi madarar dabba idan an tafasa ta ko an sarrafa ta. Saboda haka idan kuɗi ya yanke muku ana saura 'yan makonni ya shekara, gara ku ba shi tafasasshiyar madara da abinci mai kyau da ku riƙa tsinka garin gwangwani da ruwa don ya yi auki, domin wannan tsinkawar ita ce ke rame yaro a ɓoye.

Game da gwangwani mai lamba uku, ma'aikatan lafiyar da ke bin mu gida-gida suna duba yara suna faɗa mana ƙarara cewa ba a bukatarsa. A nan an hana tallar madarar jariran da ba su kai wata shida ba, amma an bar tallar ta waɗanda suka wuce wata shida, shi ya sa kamfanoni suka ƙirƙiro lamba biyu da uku da huɗu. Sau da yawa ta fi madarar shanu zaƙi, ta kuma fi ta tsada nesa ba kusa ba. Kuɗin da za a kashe a kanta, a sayi ƙwai da wake da kifi da shi.

Yadda muke sauyawar kuwa ba shi da wuya. Madarar kanti a nan kala uku ce, ana gane ta da launin takardar jikin gorar: mai shuɗi ita ce wadda ba a cire mata mai ba, mai kore an rage, mai ja an kwashe shi kusan duka. Yawancinmu mai shuɗin muke ba yaro har ya shekara biyu, mai jan kuwa ba a ba shi sai ya kai biyar. Wani yaron ranar farko yake karɓa. Wanda ya ƙi, sai a haɗa masa ta gwangwani yadda aka saba, a zuba kashi ɗaya na ta shanu a cikin kashi uku nata, bayan kwana biyu ko uku a mai da su rabi da rabi, a haka har ta gwangwani ta ɓace cikin mako ɗaya ko biyu. Ana ɗan ɗumama ta, domin bakinsa bai saba da sanyin firiji ba. Kashinsa yakan ɗan yi tauri a kwanakin farko, ruwa da gwanda ko mangwaro suna warware wannan. Amma idan aka ga kumburin leɓe, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi sun feso, ko amai mai yawa, ko jini a kashi, a dakata a kai shi asibiti.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne yawan da ake ba shi. Daga shekara ɗaya, mililita 350 a rana ta wadatar, kuma muna ƙoƙarin kada ta wuce rabin lita, wato daidai da ledar ruwa ɗaya irin wadda ake sayarwa a bakin titi. Na ga abin da wuce haka ke jawowa a gidan wata 'yar uwarmu a nan. Ɗanta ya kusa shekara biyu, kullum fida na hannunsa, a mota da shi, a gado da shi, ya yi ɓul-ɓul har ana yaba mata. Amma idan aka ajiye masa tuwo sai ya kau da kai, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari fat, ga yawan rigima. Da aka auna jininsa sai aka tarar ya yi ƙasa, aka ɗora shi a kan maganin ƙarin jini na watanni, aka ce ta rage madara. Madarar ce ta cika masa ciki ta hana shi jin yunwar abin da zai gina masa jini. Don haka muke ba da ita bayan abinci, a kofi, kuma muke raba yaro da fida idan ya shekara. Ta dare ce ta fi wuyar rabuwa, ita ce kuma ta fi ɓarna, domin madarar da ta kwana a baki tana cinye haƙoran gaba. A wurinku akwai ƙarin dalili, tun da wanke fida ta fita tsaf a zafin Afrilu na Sakkwato aiki ne babba, kuma ragowar madarar da ta yini a cikinta gudawa take kawowa.

A nan ne kuma hanyarmu da taku suka rabu, kuma ina roƙonki kada ki kwaikwaye mu ido rufe. Mu muna zuba wa yaro madara kai tsaye daga gora ne saboda an riga an ɗumama ta a masana'anta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, an kashe ƙwayoyin cuta, ta kuma zo hannunmu cikin sanyi. Madarar da aka tatso a ruga aka kawo cikin ƙwarya tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu, da cutar nan da ke sa shanu ɓari, wadda ke kama mutum da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Dole a tafasa ta har ta taso, a rufe ta ta huce, abin da ya rage kuma kada ya yini a ajiye idan babu wuta. Kindirmon da aka yi a gida da tafasasshiyar madara abinci ne mai kyau ƙwarai ga yaro, har ya fi yogot ɗin kanti mai sukari da yaranmu suke rububi. Nonon kasuwa ne nake shakka, domin ba ki san ruwan da aka tsinka shi da shi ba. Idan madarar gari za ku saya, a karanta jikin gwangwanin a tabbatar mai cikakken man shanu ce, domin akwai waɗanda aka cire musu nasu man aka zuba na itatuwa, an yi su ne don shayi. Madarar ruwa mai kauri da sukari kuwa ba ta yaro ba ce ko kaɗan.

Abinci shi ne gundarin maganar, kuma a nan kun fi mu arziki. Ɗan shekara ɗaya yana bukatar ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, kuma tun da cikinsa ƙarami ne, kowane cokali ya kamata ya ɗauki abu mai amfani. Koko tsararo ruwa ne kawai da ɗan gari. Mu kan dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya da aka soya, wani lokaci a fasa ƙwai a ciki yana kan wuta har ya dahu. Da rana tukunya ɗaya muke yi da ta gida, sai dai ana ɗibar wa yaro nasa kafin a sa gishiri da dunƙule da barkono, domin daga shekara ɗaya zuwa uku gishirinsa bai kamata ya wuce giram biyu a rana ba, dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa da albasa sun isa su ba miya ɗanɗano. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake da manja, alala, dankalin Hausa da zogale, naman da aka dafa ya yi lugub aka tsittsinka, hanta sau ɗaya a mako, duk waɗannan muke nema, muna sayen kuka da daddawa da tsada a shagunan 'yan Afirka, ke kuwa suna bakin ƙofarki, ga kifin Kwalkwalawa wanda sai dai a zauna a tsince ƙayarsa da kyau. Tsohuwar maganar nan cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ta hana yara da yawa abin da ya fi komai sauƙin gina su, ina fata ba za ta shiga gidanki ba. Shayi kuma a bar wa manya, domin yana hana jiki tsotsar ayon, lemon zaƙi da tumatir kuwa suna taimaka masa.

Kunun gyaɗa ma ya samu shaida daga inda ba a zata ba. A da likitocin nan suna cewa a nisanta jarirai da gyaɗa, sai wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2015 ya nuna cewa ba su ita da wuri yana rage yiwuwar jikinsu ya ƙi ta daga baya da kusan kashi 80 cikin ɗari. A dai zaɓi gyaɗa mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba, kuma a niƙe ta, domin ba a ba yaro ƙwayar gyaɗa sai ya shekara biyar saboda shaƙewa. Zuma kuma sai bayan shekara ɗaya.

Akwai abu biyu na al'ada da zaman nan ya canza mana. Na farko shi ne ɗura. Ba ma danne yaro a cinya a toshe masa hanci a ɗura masa kunu, domin kunun yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, kuma yaron yakan tashi yana ganin abinci abin tsoro. Ana zaunar da shi ne a ajiye masa a gabansa, ya damƙa da hannu, ya shafa a fuska, rabi a ƙasa rabi a baki. Sabon abinci yana iya ƙin sa sau goma kafin ya karɓa, kuma cinsa yakan ragu bayan shekara ɗaya saboda girmansa ya rage sauri, wanda ba ciwo ba ne. Na biyu shi ne kai yaro yaye gidan kaka a rana ɗaya. Mu rashin kaka ne ya tilasta mana bi a hankali, amma da na ga yadda yaro yake wucewa ba tare da rama da kukan dare ba, sai na gamsu cewa ko da kaka a kusa, a hankalin ya fi. Abin da nake yi muku sha'awa shi ne tire ɗaya da yara ke kewayewa, domin yaron da ya ga 'yan uwansa suna kai loma ba ya bukatar lallashi. A ɗiba masa nasa a ƙaramin kwano a gefen tiren, don a san abin da ya shiga cikinsa, kada manyan su cinye ya tashi da warin miya kawai.

Mu a nan muna ɗiga wa yara bitamin A da C da D kullum daga wata shida zuwa shekara biyar da zarar sun rage shan madarar gwangwani, musamman D, saboda rana ba ta da ƙarfi daga Oktoba zuwa Maris kuma baƙar fata tana bukatar rana mai yawa. Ku rana ba ta yi muku ƙaranci ba muddin yaro yana fita tsakar gida. Naku shi ne bitamin A da ake ɗiga wa yara duk wata shida da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya, kada su wuce shi. A riƙa kai shi awo asibitin unguwa ana rubuta nauyinsa a kati, domin a watannin yaye ne tamowa ta fi kama yara, kuma sikeli yana ganinta kafin ido ya gani. Idan nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko dasashinsa ya yi gyambo yana wari, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi, a kai shi ga likita a ranar.